Lissafin Bakanike a Ƙofar Ruwa

Da turi suka kawo ta, ba da tuƙi ba,
mutum huɗu cikin kaki, gumi har ƙugu,
tun daga Kurna, ko ruwa ba su sha ba.
Kofur Haladu ya dafa ƙofa yana haki,
ya ce, "Maigida, duba mana ita, ta sake yin yaji."

Na shiga ƙarƙashinta da sifana a hannu.
Lagireto na yoyo, an toshe shi da sabulu,
fambel kuwa, igiyar shanya ta fi shi lafiya,
birki sai an taka sau uku ana salati.
Jiniyar ce kaɗai ba ta san tsufa ba:
baki na nan, ƙafafu sun mutu.

Ina nan kwance rediyon yarona ta karanto kasafi,
miliyan kaza na motocin sintiri,
miliyan kaza hular kwano, garkuwa, rigar sulke.
Baƙin mai ya ɗigo mini a goshi.
Na ce, to, ga nawa kason ya iso.

A bayan motar hula ɗaya ce, su shida.
Ta tsage daga goshi har ƙeya,
ni na ɗaure ta bara da wayar kwayil.
Wanda ke gaba ranar hayaniya shi ke sa ta,
saura su kare kai da hannu da addu'a.
Garkuwar roba ta dushe kamar ido mai yana,
ba ka bambance mai jifa da mai gudu.

Kada a ce ina kare su.
Ranar da layin mai ya rikice a titin Katsina
ƙanena Mudi na can da jarkarsa,
Mudin da ko kaza bai iya kora ba.
Dutse ya taso daga inda ba a sani ba,
ya sami wani kurtu a kunne, sabon ɗauka,
kansa ba komai sai hular yadi.
Jini ya rufe masa ido,
yatsansa ya riga hankalinsa.
Yau Mudi da ɗingishi yake zuwa masallaci,
kurtun kuma, in ji Haladu, ba ya barci sai da fitila.

Shi ya sa nake cewa a saya.
A sayi hular, a sayi garkuwar,
ba don ina marmarin ganin su jere a Ƙofar Nassarawa ba.
Tsoro ke jan kunamar bindiga.
Wanda kansa ke rufe yana iya jira,
ya ji abin da taro ke faɗa kafin ya ɗaga hannu.

Sai dai ni na taɓa ganin sababbi,
fenti na ƙyalli, leda kan kujeru,
makullai a faranti, masu hoto na turereniya.
Kafin damina biyu, uku na bayan garejina
zaune kan duwatsu babu taya;
akuyar maƙwabta a cikin ɗaya ta haihu.
Ba wanda ke yanka ƙyalle don an yi juye,
ba a tara 'yan jarida saboda fulogi.

To da me ake zuba mai?
Tambayi ɗan Adaidaita da aka tsare a Gadar Lado.
Ɗari biyun da ya miƙa yana ƙunƙuni
ta kwana a aljihun kofur,
ta wayi gari a tafin hannuna.
Na san ta, ƙanshin gumin mai ita bai bar ta ba.
Na karɓa. Ni ma ina da bakuna a gida.

La'asar sakaliya ta yi tari, ta tashi.
Haladu ya shafa aljihu, ya dubi sama.
Na buɗe littafin bashi, shafin da ya fi kowane datti,
na rubuta: fambel ɗaya, baƙin mai galan guda.
A gurbin sunan mai biya
na daɗe riƙe da biro.