Kyandir na Uku a Vardø

Rana ta bar garinmu tun ƙarshen Nuwamba,
ba sallama, kamar mai gudun bashi.
Da tsakar rana wani shuɗin haske kan leƙo ta bakin teku,
iyakar abin da za ka gane fuskar maƙwabci,
sannan duhu ya koma mazauninsa.

Ni da Tormod abu biyu muke jira.
Ɗaya, kalanda ta san ranar zuwansa.
Ɗayan yana kwance cikin wayar da ke aljihuna:
kira daga asibitin Oslo, a ce an sami ƙoda.
Wata goma sha huɗu ke nan sunansa yana layi.
Sau uku a mako inji ke wanke masa jini,
ya dawo gida a saɓule,
mutumin da a dā shi kaɗai ke jan taru cike da kifi.
Ruwan shansa ma da awo,
kofi biyu da rabi, a rubuta a takardar jikin firiji.

Na daɗe ban san yadda zan roƙa ba.
Ƙodar da nake so tana jikin ɗan wata,
yana can yanzu yana ɗaura igiyar takalmi,
yana yi wa wani dariya.
Ya Ubangiji, da wane baki zan ce ka hanzarta?
Sai na bar roƙon a bakin ƙofa tare da takalman ƙanƙara,
na shiga majami'a hannu wofi.

Mu goma sha ɗaya ne ranar Lahadi.
Ni ce mai kunna kyandir, yau na uku,
saura ɗaya kafin Kirsimeti.
Oddbjørg ta zauna gaban ogan da yatsunta masu sanyin ƙashi,
ta tsallake murya ɗaya, muka tsallake tare da ita.
Selvarani, mai yanka kifi a masana'anta,
tana rera yabonmu da lafazin ƙasarsu mai zafi,
har kalmomin da na tsufa da su suka zame mini baƙi,
na sake jin su daga farko.
Can a baiti na biyu wata murya ta taso kusa da kafaɗata,
a dishe, ƙasa-ƙasa, kamar injin jirgin ruwa da safe.
Tormod ne.
Rabon da in ji shi yana waƙa tun bara.

Ana tsaka da haka aljihuna ya yi rawa.
Gabana ya faɗi. Ya riƙe hannuna har ya yi zafi.
Na duba.
Likitan haƙori ne, yana tuna mini da ranar Talata.

Ban san wanda ya fara ba.
Dariya ta kama mu a bencin gaba,
muna dannewa tana ɓullowa ta hanci,
hawaye har haɓa,
fasto Eilif yana leƙenmu ta saman tabarau,
shi ma bakinsa ya ƙi zama.
Ashe murna ba ta jira a gama jira.
Shigowa take ta zauna a layi tare da kai,
ta cire safar hannu, ta nemi a matsa mata.

Da muka durƙusa don jibin Ubangiji
aka miƙo masa ƙoƙon Almasihu,
ya kurɓa, ya rufe ido, ya raɗa mini:
Ragnfrid, wannan kam kada ki sa shi a takarda.

Muka fito. Iska na yankan kunci, teku baƙi ƙirin.
Rana sai wajen ƙarshen Janairu.
Wayar shiru.
Yana tafe a hankali, yana ƙarasa baitin da dariya ta ƙwace mana,
ni kuma ina ƙoƙarin tuna
ko na kashe kyandir ɗin nan
ko kuwa na bar shi yana ci.