Dusar Katako

Ran Asabar Baba kan rufe shago da wuri,
ya bar mana abin da zarto ya tauna ya tofar.
Hinnerk ya cika buhu, ya huda gindinsa da ƙusa,
ya saɓa a kafaɗa.
Shi ne zomo, mu ne karnuka.

Mu bakwai a bayan coci, goshi a jikin bango,
ba waiwaye sai ƙararrawa ta buga ɗaya.
Malte kan leƙa ta ƙarƙashin hammata,
Wiebke ta maƙure shi,
ni kuwa, auta, ina ɗaure igiyar takalmi
karo na uku.

Daga nan sai gudu.
Dusa fara sol a kan baƙar ƙasa,
ta bi gefen gonar dankali,
ta haura shingen tumakin tsoho Okke,
ta gangara wajen kogin Elbe inda laka ke cire wa mutum takalmi
ba sallama.

Amma yayana gwani ne a ɓad da sawu.
A bakin kurmi hanya kan rabu biyu:
ɗaya ya zuba mata dusa kamar ba ya so,
ɗaya kuwa ɗigo, ɗigo, sai mai ido.
Manya su kwasa a guje su bi mai yawa,
su ƙare a gindin rijiyar da ta ƙafe,
suna haki, suna tsine wa zomo.
Daga ƙin gaskiya, ai sai ɓata.

Ni ban taɓa ɓata ba.
Ba wayo na fi su ba:
duk inda hanyar gaske ta ratsa
yakan karya ɗan reshe daidai tsayina,
ya bar shi yana reto.
Bai taɓa faɗa mini ba, ban taɓa tambaya ba.
In na iske shi a saman bishiya yana cin tuffa
sai ya ce, "Gesa, hancinki na kare ne,"
ya jefo mini rabi.

Yana da ashirin da biyu ya bi jirgin kamun kifi.
Ruwa ba ya riƙe dusa.
Na yi shekara uku ina duba rassa a bakin gaɓa.

Yau ni ce zomo, da sanda da ciwon gwiwa.
Jikokina na ƙirge a bayan cocin nan,
na ce su kai ɗari biyar, don Allah.
Dusar ma sayo ta na yi, a leda.
Na zuba hanyar ƙarya har bakin tsohuwar rijiya,
na dawo mararraba ina nishi,
sai na ga hannuna, ban aike shi ba,
ya karya reshe
daidai tsayin Femke.