Katangar Gilashi

Ƙarfe uku na dare na ji ƙarar,
kamar guga ya tsinke ya faɗa rijiya.
Na kunna fitila. Ruwan tankin ya gurɓace,
ɓawon kifi na sauka a hankali
kamar sulallan da ba mai tsinta.

Aikin tufi ne.
Ga shi can ƙarƙashin kututture, baki a rufe,
kamar bai san an yi ba.
Gartsa kuwa ta kwanta kan yashi a karkace,
an tsarge mata wutsiya gida uku,
idonta na hagu ya yi fari kamar an ɗiga masa madara.

Wata goma sha huɗu suna tare.
Rana ɗaya na sayo su a kasuwar kifin ado ta Semarang,
cikin leda ɗaya ma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba.
Mai sayarwar, Pak Harjito, ya ce muddin cikinsu a cike yake
ko kallon juna ba za su yi ba.
Na ciyar da su. Jatan lande, gyare, tsutsa,
har hantar kaza ranar albashi.
Ashe ba yunwa ba ce. Girma suka yi,
tankin kuma yana nan yadda yake.

Wulan ta fito da barci a idonta,
ta dubi ruwan, ta dube ni.
"Darmaji, ka haɗa masu haƙori a kwano ɗaya,
me kake jira, su yi musabaha?"

Na kwaso gartsa da ɗan koma, na sa a bokiti,
gishiri cokali biyu, busasshen ganyen ketapang
mai rina ruwa ya koma kamar shayi.
Na tsuguna a kanta har kiran assalatu
ina ƙirga motsin kumatunta.
A waje teku ta sake hawowa titi,
babura na keta ruwan suna tari.

Da hantsi na je wurin mai yankan gilashi,
na auna, na biya, na raba tankin biyu.
Kowa da gefensa, kowa da maɓoyarsa.
Na kaɗe hannu na ce magana ta ƙare.

Kwana tara ta murmure, na mayar da ita.
Tufi ya hango ta ta cikin gilashin.
Ya ja da baya, ya taho a guje, ya kai karo.
Ya sake. Ya sake.
Kafin magariba leɓensa ya fashe.
Ita kuma ta daina cin abinci,
ta lafe a kusurwar da ta fi nisa
alhali haƙorinsa ba zai ƙara isa gare ta ba.

Wannan karon Wulan ba ta ce uffan ba.
Ta ajiye mini kofi, ta ɗaga kai
ta kalli bangon katakon da ya raba gidan nan,
wanda ni da yayana Sutikno muka kafa
mako guda bayan binne mahaifinmu.
Shekara shida ke nan.
Ina jin cokalinsa a kwano,
na san tashar rediyon da yake kamawa.
In mun haɗu a bakin famfo
kowa ya kalli bokitinsa.

Pak Harjito ya ce in shafa wa gilashin baƙin fenti
ko in sayar da ɗaya.
Na sayo fentin. Yana nan kan taga, ban buɗe ba.

Daren jiya tufi ya tsaya daf da katangar,
bai kai karo ba, kallo kawai,
da mikinsa a baki.
Ban sani ba ko gajiya ce, ko sabon shiri.
Ta bayan bango Sutikno ya yi tari sau uku,
irin tarin babanmu a damunar ƙarshe.
Na ɗauko kwalbar zuma daga kan kanta,
na tsaya da ita a hannu
ina sauraron kumfar tankin tana hawa, tana fashewa.