Sunayen da Ke Hawa Bayan Wasa

A Burja, bayan rumfar mai facin taya,
nan shagona yake: rufin kwano, benci biyu,
allo uku masu haske, da fanka mai tari.
Dala ashirin ka zauna, dala hamsin ka kai azahar.
Shekara tara ina karɓar canjin yara
mai ƙanshin ƙuli-ƙuli da gumin lakwal.

Hannuwansu na sani, fiye da fuskoki.
Lawali na danna maɓalli kamar mai sussuka,
Nomau in ya ci sai ya miƙe ya doki ƙirji.
Wasa ya ƙare, allo ya yi baƙi,
sunaye su fara hawa kamar tururuwa a bangon rumbu,
sai ihu: "Baba Tsahiru, tsallake, kuɗinmu na tafiya!"
Nakan tsallake. Ciniki ne.

Sai wata Laraba aka sa wasan tsohuwa mai kwalekwale.
Tana ƙetarar da mutane, ba ta karɓar ko dala,
sai dai ka bar mata labari guda
wanda ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.
Can ƙarshe muka gane ɗanta take nema
a bakin baƙi, ko wani ya gamu da shi.
Nomau mai dukan ƙirji ya sauke hannu a cinya,
ya ce fanka ta watsa masa ƙasa a ido.
Fankar kuwa tun safe ba ta juya ba.

Ran nan ban tsallake ba.
Na bi sunayen da yatsa, sun fi ɗari biyu,
masu zane, masu kiɗa, masu lissafi,
can ƙasa-ƙasa, layi ɗaya siriri:
wadda ta rubuta labarin.
Harshena ya yi tuntuɓe sau uku kafin in faɗe shi.

Ke da ban san garinki ba,
ban san ko kina raye ba, ko an biya ki daidai,
ke kika haƙa rijiyar,
mu muna sha muna yabon guga.

Shi ya sa na kafa doka, ta shagona kaɗai.
Daren da nake rufe littafin bashi, ƙarshen shekara,
mu zaɓi gwanin labari.
Alƙalai uku: ni, da Nomau,
da mai faci, da bai taɓa bugawa ba
amma duk yana ji ta bango.
Kyauta tiyar aya.
Mu rubuta sunan da alli jikin ƙyaure,
mu cinye ayar a madadinsa, tunda aike ba ya kai can.

Bana gardama ta kai mu har isha.
Sai Cima, ɗiyar mai waina,
da ke tsayuwa bakin ƙofa don ba ta da dala ashirin,
ta miƙo littafin lissafi da ta fara daga baya.
Wasa ne ciki, wanda ba na'urar da ta san shi:
jar akuya ta ɓata ran da Gulbi ya cika,
ka bi sawunta daga Maradawa har Jiratawa,
duk wanda ka tambaya, gaskiya biyu, ƙarya ɗaya.

Mai faci ya leƙo: "To, akuyar fa, an gan ta?"
Ta ce: "Sai ka buga."
Wuta ma ta ɗauke, ba wanda ya tashi.
Tana karantawa da fitilar waya, muna zaɓen hanya,
mai faci ya ɓata sau biyu a gonar rogo.

Karo na farko mai kyauta ta karɓa da hannunta.
Ta ƙulle ayar a haɓar zane, ko ɗanɗane ba ta ba mu ba.
Sunanta na hau benci na rubuta,
can sama, inda hannun yaro ba ya kai ya goge.