Kwana Ashirin da Ɗaya

Da igiya Shitu ya jawo ta daga Ringim,
Fijon mahaifinsa, marigayi Alhaji Barau.
Shekara sha tara tana rumfar kara,
har kaji sun ƙyanƙyashe a kujerar baya.
Ya ce, "Baba Mati, kwana nawa?"
Na ce, "Dakata, tafin hannuna zai faɗa."

Na rufe ido na bi ta da shafa.
A kan ƙarfe ido maƙaryaci ne,
yatsa ke jin inda aka ji ciwo.
Na manna maganaɗisu a ƙofa, ya kama,
na kai shi saman taya ta hagu, ya faɗi.
To, nan akwai magana.

Na ja kara a ƙasa ina lissafi:
kwana uku na kwance gilasai da fitilu,
kowane noti da gwangwaninsa.
Shida na kankara,
sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi da ruwa,
har zanen yatsun Ilu ya shafe.
Biyu na walda wajen Ɗan'azumi,
in janareta ya tashi da ƙafar dama.
Uku na cike da shimfiɗar fari.
Huɗu na feshi, hawa uku,
kowane hawa sai ya sha iska ya huce.
Uku na mai da kaya da goge.
Ashirin da ɗaya ke nan, in ran ya kai.

Ya ce, "Na bakin tasha sun ce huɗu."
Na ce, "Huɗu ai wanka ne da kwalli.
Ruwan farko zai tona musu asiri."

Ba na feshi raɓa ba ta ɗauke ba.
Ba na yi matan Sankara na sheƙa,
ƙaiƙayi guda ya isa ɓata bonet.
Ba na yi da dare, ƙwari na bin fitila
su mutu a fenti da fiffike buɗe.
In ya zubo da hawaye, a kankare.
In ya yi fatar lemo, a kankare.
Ma'aunina igiyar shanyar gidana:
in ta fito a jikin mota a miƙe,
ba ta karkace ba, ba ta yi rawa ba,
sannan in wanke hannu.

Ran na takwas muka ratsa farin,
muka ratsa shuɗin da ke ƙarƙashi,
muka tarar da ruwan tokar asali.
A saman tayar nan guduma ta nutse.
Siminti. Tsumma. Murfin gwangwanin mai.
Ilu ya ce, "Wane azzalumi ne wannan?"

Na duba da kyau.
Shatin yatsa uku a busasshen siminti,
na tsakiyan da ɗan lanƙwasa.
Na dubi hannuna.

Garejin Jibo, ina ɗan sha bakwai,
Alhaji na sauri zai kai gyaɗa Kano,
aka ce kwana biyu, na ce an gama.
Har tukuicin sule biyar ya ba ni.
Tun daga ranar tsatsa ke cin abincinta
a ƙarƙashin ƙaryata, ba ta gaya wa kowa ba.

Muka yanke wurin, faɗin faifai biyu.
Ashirin da ɗaya ta koma da shida.

Da Shitu ya zo da la'asar
ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba.
Ga igiyar shanya a miƙe a ƙofarta,
ga zanen Uwale, ga reshen maina,
ga fuskarsa, mai kama da ta Alhaji.
Ya ce, "Kwana biyar ɗin da suka hau fa?"
Na ce, "An biya tun kana goye."

Ilu na tattara sanfefa, yana kallona.
Na ce, "Wanke bindigar feshin nan, yaro,
kafin tina ta ƙare."