Abin da Rana Ke Dafawa

Sama tas take ranar nan, ko tsinken gajimare babu.
Bazara ta zauna daram a kan Maraɗi,
kwalta ta yi laushi gaban Babbar Kasuwa,
ni kuwa tun hantsi ina bisa kabu-kabu:
Zariya, Bagalam, Sabon Gari, in sake komawa Zariya.
Kwalba biyu na zuba wurin ɗan ruwa-ruwa,
jan mai, mai warin nan da ke kama maƙoshi.

Ana kiran la'asar waya ta motsa a aljihu.
Rahamu ce. Ko sallama ba ta yi ba.
"Sahabi ne," ta ce, "fukar ta tashi."
Can bayan muryarta ina jiyo shi,
wani siririn fito
kamar buta ta kusa tafasa.

Na sauke fasinja tsakar hanya,
yana miƙo dala arba'in ban waiwaya ba.

Shekararsa bakwai.
Daga lakkwal ya tsaya buga ƙwallon tsumma bakin titi,
har ya ci biyu, in ji abokansa.
Na iske shi dafe da gwiwa gindin dogon yaro,
kafaɗu na hawa suna sauka,
leɓen ya soma rina kamar an tsoma a baba.
Na girgiza ɗan famfon shaƙarsa.
Fanko.
Tun watan jiya nake cewa gobe.

Muka sa shi tsakani, ni da uwarsa.
Gabanmu manyan motocin Ɗan Isa sun jeru
suna tari cikin fuskarmu,
bayanmu nawa salansan na nasa tarin.
Ƙirjinsa a gadon bayana
kamar tsuntsun da aka rufe cikin ƙwarya.

A likita benci ya cika.
Ga wani tsohon tela da zare a wuyan riga,
ga mai tuyar awara, hannunta duk mai,
ga jariri da ko kukan ya gagare shi.
Kowa na jan iska
kamar guga daga rijiya mai gaba talatin.

Majo Ɗan Tani ya ɗaura masa abin shaƙa a hanci.
Wuta ta ɗauke. Aka tada inji bayan taga,
shi ma ya hau hayaƙi.

Na ce, "Majo, yau fa gari garau yake.
Me ya shaƙa?"

Bai ɗago ba, yana ƙirga numfashi da agogo.
"Wanda ido ke gani da sauƙi," ya ce.
"Hayaƙin babur, na mota, tururin man kwalba,
su ne kayan miya.
Rana ce mai girki.
In ta dafa su tun azahar, sai ozon ya nuna.
Can sama rumfa ce Allah ya kafa mana,
nan ƙasa barkono ne a huhun yaro.
Ranar zafi irin wannan, kar ya yi gudu da la'asar."

Su ne kayan miya.
Na dubi tafin hannuna, baƙi ƙirin da man inji.

Sai bayan isha'i fiton ya lafa.
Ya buɗe ido ya ce, "Baba, biyu na ci."
Rahamu ta juya fuska ga bango.

Takardar magani na aljihuna, ninki huɗu:
jaka shida da ɗari.
Ba ni da gona a fadamar Gulbi,
ba ni da rumfa a kasuwa.
Abin da nake da shi yana jingine a zaure,
yana ɗigar da mai bisa ƙasa.

Da asuba ban taka shi ƙofar gida ba.
Tura shi na yi da hannu,
na wuce masallaci, na wuce mai koko,
har inda na tabbata tagar Sahabi ba ta ji,
sannan na yi bisimilla
na buga.