Littafin da Ya Haye Teku Sau Biyu

Iska ba ta hutu a Sarmiento.
Na tokare ƙofa da buhun ulu,
na sauko da littafin ibadar kakata daga saman kabad.
Bangonsa fatar maraƙi, yana warin tsohuwar taba.
Shafukan farko namu ne:
tawada kala biyar, rubutun mutum bakwai.

Gysbert Swanefelder, in ji layin farko,
ya sauko daga jirgin Kamfani da riga ɗaya,
aka ba shi fili a kwarin Roodezand.
Aka ba shi. Haka aka rubuta.
Mai kyauta da kayan wani hannunsa ba ya rawa.
Makiyayan da shanunsu suka saba da rafin
ba su samu ko rabin layi ba.

Gysbert ya haifi Wynand, Wynand ya dasa inabi,
ya haifi goma sha ɗaya,
ƙasa ta karɓi shida tun ba su yi haƙori ba.
Kakata ta ce kowane gicciye a gefen suna
dare ne da ba a ɗora tukunya ba.

Tsakanin shafi na uku da na huɗu
akwai takarda mai ninki huɗu, lissafin gado:
shanu arba'in da biyu, tukunyar tagulla,
amalanke, bindiga mai tsatsa,
Sabina, da ɗanta.
Kuɗin amalanken ya fi nata.
Bayan shekara ashirin sai ga wani Sarel cikin jerinmu,
an bar gurbin uwarsa fari fat.
Kakata kan shafa gashina mai murɗewa
ta ce zafin ranar Afirka ne ya bi jini.
Na yarda, har ranar da na iya karatu.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sarel ya ɗaura wa shanu goma sha shida karkiya,
ya bi arewa, ya haye kogin Orange,
ya kafa gida inda ba ya hango hayaƙin maƙwabci.
A zamanin jikansa sojan Ingila suka cinna wa rumbu wuta.
Hendrina ta shiga sansani da 'ya'ya biyar,
ta fito da biyu
da wannan littafi ɗaure a ƙugunta.

Sai teku kuma. Mako uku na amai da zabura.
Suka sauka a Comodoro, gaɓar da ba itace,
ana sayen ruwa a ganga.
Da aka haƙa rijiya, mai ya ɓullo baƙi ƙirin,
shi ma na gwamnati.
Aka ba su fili a cikin tudu.
Aka ba su.
Ina yarinya na tsinci kan kibiya na dutse a garken tumaki,
na cika gwangwanin shayi da su,
ban tambayi kowa ba, ba wanda ya tanka.

Kakata da harshen Boer take mafarki.
Babana da shi yake zagin kare kawai.
Ni kalma tara suka rage mini,
huɗu a ciki sunayen abinci ne.

Jiya Anselmo ya bugo waya daga Málaga.
Yana wankin kwanuka, takardunsa ba su fito ba,
an haifa masa mace.
Ya ce, Inna, wane suna ke akwai a littafin?
Na yi shiru har ya zaci layi ya yanke.

Yanzu ga biro, ga fitila, ga gurbin nan fari.
Hannuna na rawa.
Na rubuta shi sau biyu:
ɗaya a sama, kusa da Sarel,
ɗaya a ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa.

A waje tumaki sun juya wa iska baya.
Ban ba su ruwa ba tukuna.